Ƙwayoyin Inna Tela

Shekara talatin Inna Tela ta yi tana taka keken ɗinki a ɗakin da ke bakin zaure. Ba ta taɓa bari mace ta fita hannu sake ba, ko ƙyalle ne sai ta cusa mata, ko ragowar zare.

Wata safiya ta ɗora ƙafa a kan keken, ƙafar ta ƙi takawa. Kafin azahar ɗayar ma ta mutu mata. A asibiti likita ya ce lakar bayanta ce ta kumbura. Aka yi mata allurai na kwana biyar, aka sallame ta da ƙwayoyi farare ƙanana. Ya rubuta wa 'yarta yadda za a sha: shida kullum a makon farko, biyar a na biyu, a yi ta ragewa har su ƙare.

"Inna, kada ki yanke maganin nan lokaci ɗaya. Jiki ba ya yafe wannan," in ji shi.

Ƙafafu suka dawo, keke ya ci gaba da ƙara. Sai dai maganin ya zo da gyara: kumatun Inna, da a da suka lotsa, suka ciko tamtsan-tamtsan.

Mai kitso ce ta fara tambaya. "Inna, me kike ci ne haka? Kin koma yarinya."

Inna ta nuna mata kwalbar maganin, da alfahari kuwa. Mai kitso ta ce a ɗan sam mata. Kashegari ƙanwar mai kitson ta zo, sai matar mai shago da ke son ta ciko kafin bikin ɗanta. Inna ta riƙa ƙulle bibbiyu a takarda. A ganinta likita da kansa ya ce a rage, ga shi tana ragewa.

A mako na uku kwalba ta koma wayam. Kwana biyu bayan nan jiri ya kayar da ita a tsakar gida, ga amai, ƙafafu kuma suka sake yin nauyi.

Da aka mayar da ita asibiti, likita bai yi faɗa ba. Ya ce za a sake gwada maganin, amma bai yi alkawarin ƙafafun za su dawo ba, sannan Inna ta ji tsoro na gaske.

Da yamma mai kitso ta zo dubiya, fuskarta ta yi ɓul-ɓul. Ta sunkuya ta raɗa mata, "Inna, an ba ki sabuwar kwalba?"

Inna ba ta ji ba. Tana kallon babban yatsan ƙafarta da ya leƙo daga ƙarƙashin zane, tana ta ce masa ya motsa.