Tsakuwar da Surukina Ya Ciro Mini

Har in koma ga Mahaliccina ba zan manta da kakar da fitsari ya ƙi mini ba. Tun kafin Nasara su shigo ƙasar nan ne, ina magidanci a Korgom, muna tsakar yankan gero.

Wata uku ina fama. In na tsuguna sai ya fara zuwa, ya tsaya cak. Na sha jiƙe-jiƙe, na sha rubutu, duk a banza. Kuma na san mai maganin abin sarai, wanzamin garinmu ne, wanda har daga Tasawa ake zuwa wurinsa. To amma uban matata ne! Mutumin da in na hango shi sai in sake hanya, shi zan kwance wa wando? Na ce gara in mutu.

Na kuwa kusa. Kwana biyu ko ɗigo babu, marata ta kumbura kamar tulu. Matata ba ta nemi shawarata ba, ta yafa zane ta nufi gidansu.

Da hantsi sai ga tsohon da zabirarsa. Na yunƙura zan durƙusa, ya daka mini tsawa: "Kwanta! Surukinka yana gida. Wanzami ne ya zo."

Ya rufe mini fuska da rawaninsa don kada mu haɗa ido. Ya bi hanyar fitsarin da yatsa a hankali har ya taɓo wani abu mai tauri. Ya ce, "Ba sammu ba ne, yaro. Tsakuwa ce ta toshe hanya."

Yayyena biyu suka danne ni, ya sa aska. Wayyo Allah! Ƙato da ni, na dinga kiran innata. Can sai fitsari ya ɓalle, ya wanke masa hannuwa. Ban taɓa jin daɗi da kunya lokaci guda irin na ranar ba. Tsakuwar da ya ciro ta kai girman ƙwallon magarya, ga ta da ƙaya-ƙaya. Ya ce tun da ya fara riƙe aska, sau ɗaya ya taɓa ganin irinta. Ya barbaɗa garin bagaruwa ya ɗaure.

Kullum yana zuwa wankin ciwon har na warke. Ranar ƙarshe, yana rataya zabira, ya ce, "Da ka ƙara kwana ɗaya, da yanzu ɗiyata tana takaba."

Ga ni yau da jikoki, alhamdulillahi. Kunya abu ne mai kyau, har gobe ina da ita, amma tun ranar ban ƙara ɓoye ciwo saboda ita ba.