Cikin Malam Chindo

Satinsa na farko a Badagishiri, Lokotoro Kwami ya yi wa Malam Chindo albishir da juna biyu. Kwami mutumin Togo ne, Hausarsa a lokacin ba ta wuce "sannu" da "ina ke ciwo" ba. Chindo mai lambun albasa ya zo da murɗar ciki, lokotoro ya latsa nan ya latsa can, sannan ya ɗaga murya gaban mata sun fi ashirin ya ce, "Baba, kana da ciki." Har ungozoma sai da ta zauna ƙasa don dariya.

Shekara goma sha tara ke nan, duk inda suka haɗu sai Chindo ya dafa tumbi ya tambaye shi yaushe ne watan haihuwa. A shekarun nan Kwami ya ga sanƙarau, ya ga ƙyanda, ya kashe babur uku a hanyoyin ƙauye. Matarsa ta gaji da zafinmu ta koma Lome, shi ya zauna. Hausar dai har yau mace yake mai da namiji, namiji mace.

Daminar bana Humaira, autar Chindo, ta haihu da hantsi, jini ya ɓalle mata. Ƙorama ta cika ta yanke hanya, ba motar da za ta fita da ita. Mijinta yana Abijan. Aka gwada jinin Chindo, bai dace ba. Kwami ya buɗa idonta ya ga fari fat, ya san in la'asar ta yi ba a samu jini ba, sai dai a nemi masu haƙa kabari.

Ya fita cikin ruwa ba lema, yana bin rumfuna yana roƙo. Wannan ya ce in aka ja jininsa wa zai riƙe masa hauya, wancan ya ce dama nasa bai ishe shi ba. Mutanen da ya ɗinke, ya yi wa 'ya'yansu allura, su ne suka sunkuyar da kai. Har durƙusawa ya yi cikin taɓo gaban mahauta. Biyu suka biyo shi, na ɗaya ne kawai ya dace, leda guda kuwa ba ta isa ba. Da yake nasa ma ya dace, sai ya hau gado da kansa, ya miƙa wa mai allura hannu ya ce ya ja.

Ya tashi yana layi ya koma kanta. Sai bayan la'asar Humaira ta buɗe ido, ta tambayi jaririnta.

Chindo ya iske Kwami zaune a ƙasa bakin ƙofa, leɓe duk ya bushe. Tsohon ya kama hannunsa yana hawaye, ya roƙi ya yafe masa tsiyar da ya daɗe yana yi masa, ya ce daga yau ya bari.

Kwami ya dube shi, ya dubi tumbin.

"A'a Baba, kar ki bari. Amma ki ji kunya. Ɗiyarki wata tara ya sauka, ke shekara goma sha tara ko naƙuda ba ki fara ba."