Mai Hoton da Ba Ya Dannawa Sai Kala Ta Cika

Shekara ashirin da bakwai Pak Cik Rosnan, wato Kawu Rosnan, ya yi yana ɗaukar hoto a kwalejin horar da malamai ta garinmu, nan jihar Perak, a ƙasar da Malayawa da Sinawa da Indiyawa ke zaune tare, kuma ba a taɓa ganin ya danna kyamara bai ƙirga mutane ba. Ba yawansu yake ƙirgawa ba, irinsu yake ƙirgawa. Sai ya kanne ido ɗaya, ya bi sahu da ɗan yatsa, leɓensa na motsi: Bamalaye, Basine, Ba'indiye. In ukun nan sun cika, ya ce a yi murmushi. In aka rasa ɗaya kuwa, kowa ya nemi inuwa, don hoton nan ba yanzu ba.

Asali aikin buga wasiƙu aka ɗauke shi. Shekarar da kwaleji ta kafa kwamitin daidaito, don kowace ƙabila ta samu shiga aikin malanta ba tare da an duba fatarta ba, sai aka nemi mai ɗaukar hoton ayyukan kwamitin. Rosnan kaɗai ke da kyamara, ita ma ta surukinsa ce. Ya kuwa rungumi aikin hannu bibbiyu. A unguwar ma'aikatan jirgin ƙasa ya tashi, inda uwarsa ke aikensa gidan Indiyawa aron barkono, gidan Sinawa aron tsani, saboda haka har cikin ransa ya yarda ƙasar nan ta kowa ce. A nan kam ba mai ganin laifinsa. Inda ya kwafsa shi ne, a ganinsa da zarar an jera kowa a sahu ɗaya an yi murmushi, daidaito ya samu, sai a tafi cin abinci.

Wata shekara, ranar hoton littafin tallar kwaleji, ɗalibi Ba'indiye tilo na ajin ya kwana da zazzaɓi. Rosnan bai yi wata-wata ba, ya nufi bakin ƙofa, ya janyo Karuppiah mai suyar roti, wato gurasar Indiyawa, mutum mai shekara hamsin da furfura a gashin baki, ya zura masa rigar ɗalibai a kan ta aikinsa, ya danƙa masa ƙamus. Shekara shida Karuppiah yana shafin farko yana murmushi. Har ranar da wani sufeto ya zauna shan shayi a rumfarsa, ya dubi littafin, ya dubi mai suyar, ya sake duban littafin.

"Bawan Allah, ashe da ka gama karatun ba ka samu aiki ba?"

"Ranka ya daɗe, lamarin ƙasar nan sai addu'a," in ji Karuppiah. "Da ƙwai za a sa maka, ko haka nan?"

Abin har gida ya bi Rosnan. Ranar auren 'yarsa, dangi sun jeru, amarya na zufa cikin kwalliya, ya ƙirga ya ga Malayawa ne zalla. Matarsa Rokiah ta ce, "Maigida, wallahi in ba ka danna abin nan ba, ni zan danna maka shi a ka." Bai danna ba sai da aka kira maƙwabcinsu Mista Teoh, wanda ke wankin mota. Har yau hoton na falonsu: ango, amarya, da Mista Teoh cikin gajeren wando, riƙe da soso.

Sai ga Lulong anak Jimbun, wato 'yar Jimbun, ta zo, 'yar ƙabilar Iban ta farko da ta taɓa shiga kwalejin, takanas daga jihar Sarawak, can tsallaken teku. Ranar da Rosnan ya ga sunanta a takarda sai da ya yi ƙwalla. Kala ta huɗu! Ya sa kwamiti ya samo kayan gargajiyar Iban: doguwar hular azurfa mai reshe-reshe, da ɗamara mai kacau-kacau da ake jin tafiyarta tun daga ɗakin karatu.

"Pak Cik," in ji Lulong, "ni fa a birnin Sibu na girma, babana injin kwalekwale yake gyarawa. Hular nan sau ɗaya na taɓa sa ta, a bikin 'yar gwaggona, kuma kwana uku wuyana bai juyu ba."

"Shi ya sa muke so ki riƙe al'adarki, 'yata. Ɗan ɗaga haɓa."

Abu ɗaya ya kawo yarinyar nan tsallaken teku. A ƙauyen kakarta, can saman kogi, akwai makarantar da ba malamin da ke cika shekara bai gudu ba, ita kuma so take ta samu takardar malanta ta je ta zauna. Abin da ya rage mata shi ne gwajin koyarwa na shekarar ƙarshe: wata uku a makarantar firamare, kuma duk wanda ya yi fashin fiye da kwana bakwai, ba takarda.

Aka yi rashin sa'a, shekarar ce kwamitin daidaito ke bikin cika shekaru, baƙi na ta zarya. Duk baƙon da ya sauka, Rosnan zai tura motar kwaleji da wasiƙa mai hatimi a ɗauko Lulong daga aji.

"Pak Cik, yau ina da lissafi da 'yan aji huɗu, rabawa muke yi."

"Minti goma kacal, 'yata."

Ɗaura hular kaɗai awa biyu ne, da mata biyu, da allurar gashi talatin. Sannan a jira baƙo ya gama jawabi. Sannan a sake hoton, saboda baƙo ya rufe ido a na farko. Lulong ta shuka bishiya da baƙi, ta yanka zare da baƙi, ta riƙe wa wani babban jami'i durian, ƙaton ɗan itacen nan mai ƙaya, yana nuna ta da yatsa. Ba ta taɓa cewa a'a ba. Yaya ɗaliba za ta ce wa hatimin kwaleji a'a, ga shi kuma kowa na gaya mata don ita ake yi?

Da sakamako ya fito, sunanta ba ya ciki. Fashin kwana goma sha tara.

Kwamiti ya kira zaman gaggawa don gano dalilin da ɗalibar Iban tilo ta faɗi, aka kuma kira Rosnan ya ɗauki hoton zaman. Shugabar kwamiti, Puan Norizan, wato Uwargida Norizan, ranta a ɓace yake da gaske.

"Wace dama ce ba mu ba yarinyar nan ba? Kwana goma sha tara! Ina take zuwa?"

Wani ya ce ƙila kewar gida ce. Wani ya ce mutanen can ba su saba da agogo ba, a yi musu uzuri. Rosnan na ja da baya yana neman inda kowa zai fito, har bayansa ya bugi bango. Ya juya ya gyara hoton da ya karkata. Nasa ne, kamar sauran da ke jere a bangon, kowanne da kwanan wata a kusurwa, yadda ya saba sawa don tsabar tsari. Ya karanta na farko. Ya karanta na biyu.

"Puan," ya ce, "ga inda take zuwa. Ga ta nan Litinin. Ga ta can Laraba, da durian."

Kowa ya juya ya dubi bangon. Daga ƙarshe Dokta Selvarani, mai kula da gwajin koyarwa, ta ce ita wasiƙa uku ta rubuto wa kwamiti a kan maganar nan. Aka duba, aka same su a fayil ɗin godiya. Ta ce dokar dai ba ta lanƙwasuwa, domin 'yan aji huɗu har yau ba su iya rabawa ba. Abin da za a iya yi kawai, Lulong ta maimaita wata ukun. Abokan karatunta za su yi bikin yaye ba ita, kuma makarantar saman kogi za ta ƙara shekara tana jira.

Rosnan ya sayi mangwaro cike da leda, ya same ta zaune a matakalar ɗakin kwanan ɗalibai. Kunya ta hana shi zama. Ya ce shi dai da kyakkyawar niyya ya yi.

"Na sani, Pak Cik."

"Ki faɗi duk abin da kike so, in dai ina iyawa."

Ta juya mangwaro ɗaya a hannu. "Kakata ta ga hotunanka a kalandar kwaleji. Yanzu duk ƙauye ta gaya musu rawa nake karantawa. Ka ba ni hoto ɗaya da nake gaban allo ina koyarwa, in aika mata."

"Wannan ai mai sauƙi ne! Hotonki ya fi ɗari biyu a wurina. Ba ni zuwa la'asar."

Ya koma ofis da ɗan ƙarfin gwiwarsa, ya zazzage akwatuna, ya buɗe kwamfuta. Ga Lulong da hula a gefen tuta. Ga ta da hula tana miƙa fure. Ga ta da hula tana duban littafin da aka ba ta a juye. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya har sau biyu, shayinsa ya huce, aka kira la'asar bai ji ba. Duk wata ukun nan, bai taɓa taka ƙofar ajin da take koyarwa ba.

Ya dawo hannu rabbana. Tana nan inda ya bar ta, ta shanye mangwaro biyu.

"'Yata," ya ce, "babu. Ko ɗaya babu."

"Ai na sani, Pak Cik, ni ce a cikinsu," in ji Lulong. "So nake ka duba da kanka."