Littafi a Ƙarƙashin Albasa

Ni da lissafi ba mu taɓa shiri ba. Shekarar da zan rubuta jarrabawar fita sakandare a Shagari, na san in ya kayar da ni, makarantar koyon jinya da nake mafarki ta wuce ni ke nan.

Malamarmu ta lissafi 'yar bautar ƙasa ce daga kudu. Ita ta ce in riƙa zuwa ɗakinta bayan la'asar ta yi mini lesin. Wai a garinsu har allon tallan lesin ake kafawa a bakin titi, iyaye kuma suna alfahari da cewa ɗansu lesin biyu yake zuwa. Kawuna na Bodinga, wanda ya yi karatu a Masar, ya ɗora nasa: can yaron da ba shi da malamin gida tausayinsa ake ji. Kawu dai ko zancen kunu ake yi sai ya sako Masar.

Baba ya saurare su tsaf, ya ce, "Can ku ka sani. Nan lesin na daƙiƙai na. Ba ni bari a hwaɗi ɗiyata kanta bai ja."

Na san wanda yake tsoro: maƙwabcinmu mai injin niƙa, wanda kullum yake yabon kan 'yarsa a majalisa. Na yi kuka sosai, don haushin Baba ya kama ni ba kaɗan ba.

Bayan kwana uku ya kira ni rumbu. Ya sa littafina a gindin tire, ya jera albasa a kai. "Kai ma malama. Wanda duk yat tambaye ki, aike na. In kin jima can, ki ce hira kunka yi."

Haka na yi ta kai aike wata huɗu. Malama ta yi miya, ta yi kyauta, ta shanya saura a bayan taga, har ta fara roƙona in riƙa kawo rabi. Ranar wata Laraba na yi sallama na shiga, sai ga 'yar mai injin niƙa zaune a tabarma tana fama da lissafi, tiren albasarta a gefe. Muka kalli juna, muka kwashe da dariya har malama ta kore mu waje. Kafin jarrabawa mun kai mu bakwai, kowa da tirensa, ɗakin ba ya shiguwa sai da hawaye.

Ban gaya wa Baba ba. Na bar shi da sirrinsa, wanda rabin unguwa ke ɗauke da irinsa a ka.

Da sakamako ya fito na ci lissafi, da ƙyar dai, amma na ci. Baba ya ɗaure buhun albasa guda a bayan babur da rana tsaka, ya bi ta gaban majalisa a hankali. Mai injin niƙa ya ɗaga murya, "Ina zuwa da kaya haka?"

Ina tsaye a ƙofar gida na ji Baba ya tsaya, har ya kashe babur don kowa ya ji.

"Wurin malamar da tay yi ma ɗiyata lesin za ni."