Giya a Cikin Gwangwanin Lemo

Abin da ya fi ƙona mini rai a aikin nan shi ne kunyar mutanenmu. Mutum zai kawo maka ɗansa rai a hannun Allah, ka tambaye shi me ya sha, ya dubi tsabar idonka ya ce ruwa. Na faɗa, kuma ba zan janye ba. Ku da kuka shigo aiki kwanan nan, ku ji yadda aka yi ranar da aka kawo mana Nasiru.

Lokacin ina mai taimaka wa nas a wani ƙaramin asibitin unguwa, bayan Kasuwar Kilomita Biyar. Sai da 'ya'yana suka girma na shiga ajin manya na koyi karatu, don haka aikina bai wuce awon zafin jiki da wankin ciwo da tafinta ba. Shugabanmu babban nas ne, muna ce masa Manjo. Yana jin Sango, yaren ƙasar, da Faransanci amma ba ya jin Hausa, saboda haka duk Bahaushen da ya zo, ta bakina ake magana. Shekarun rikicin nan ne da unguwa take a rufe. An datse Titin Koudoukou da tayoyi da duwatsu, samari suna zaune bakin shinge da makamai suna gadi. Babban asibiti yana cikin gari, kuma ranar da ake harbi babu mai fita da mara lafiya.

Bayan azahar aka shigo da shi. Ubansa, Alhaji Isufu, mai sayar da atamfa da bai daɗe da zuwa daga Nijar ba, yana riƙe da hannu ɗaya. Abokinsa Abakar, ɗan unguwa, yana riƙe da ɗayan. Nasiru ɗan moto ne, mai haya da babur, jibgegen saurayi. Idonsa a buɗe tar, gumi na zuba, yana dukan ƙirji yana cewa zuciyarsa za ta fito, sai kuma ya kwashe da dariya ya ce a ba shi makullin motonsa. Na taɓa wuyan hannunsa, jijiya na gudu har na kasa bin ta. Bakinsa kuwa ƙamshin kanumfari da zaƙin lemo kawai.

Alhaji ya ce mini, “Hajiya, ki gaya wa likita iska ce ta taɓa shi. Ya yi masa allurar barci mu koma gida.”

Ƙa'idarmu ita ce ba a yi wa mai fizge-fizge allurar barci sai an san abin da ke cikinsa. In akwai giya da yawa a jini aka ɗora wannan allura, numfashi na iya tsayawa. Manjo ya sa na tambaya. Alhaji ya ce lemon ƙara kuzari ne kawai, na gwangwani. Na sake tambaya, ya ɗaure fuska.

“Ɗana yana salla, Hajiya. Me kike so ki ce?”

Manjo ya ɗauko kwalbar allurar ya ajiye a kan tebur, bai fasa ta ba. Ya ce mini da Sango, “Mama, ba zan taɓa shi ba sai kin samo mini gaskiya. Ki yi sauri.”

Alhaji ba ya jin Sango. Sai na juya ga Abakar, ina naɗe bandeji kamar hira muke, na ce masa da Sango in abokinsa ya mutu yau a wuyansa yake. Ya sunkuyar da kai ya ce, “Samba.” Wato giya. Tun jiya suna bakin shinge. Wiskin leda suke tsiyayawa cikin gwangwanin lemon, don kada barci ya ɗauke su, kuma duk dattijon da ya wuce zai zaci lemo ne. Kanumfarin ma su suka ba shi ya tauna don ɓoye warin giyar.

“Amma Mama, ai bai bugu ba,” in ji Abakar. “Ko tangaɗi bai yi ba. Da kansa ya tuƙa moto har gida.”

Nan ne haɗarin yake, ku riƙe shi da kyau. Wanda ya sha giya zalla, jikinsa kan mutu ya kwanta, shan ya tsaya. Lemon nan kuwa buɗe ido yake yi, ba ya rage komai daga giyar da ke cikin jini. Mutum ya ji garau ya yi ta ƙarawa, zuciya na gudu, ruwan jiki na ƙarewa. Da ƙarfin lemon ya sauka, sai giyar ta taso gaba ɗaya.

Haka kuwa aka yi. Muna cikin magana Nasiru ya yi shiru, ya sulale a kan gado. Manjo ya mayar da allurar, ya ruga ɗauko ledar ƙarin ruwa. Na juya neman audugar goge hannu, ina waigowa na ga Alhaji ya tallabo kan yaron yana rigingine, yana ɗura masa nonon da ya zo da shi cikin gora, wai nono na kashe dafi. Ban san lokacin da na buge gorar ba, nono ya wanke masa babbar riga.

“Za ka kashe shi, Alhaji! Wanda ba ya cikin hayyacinsa ba a ba shi ko ɗigon ruwa!”

Ni da Abakar muka juya shi gefe, na lanƙwasa gwiwarsa, na ɗaga haɓarsa. Sai amai. Da yana rigingine, cikin huhunsa zai tafi. Manjo ya ɗaura ruwa, ya ce in numfashin ya ƙara yin ƙasa ba mu da na'urar da za ta taimake shi a nan. Ga harbi ana yi ta wajen gadar shiga gari, ba halin kai shi babban asibiti. Na zauna hannuna a bayansa, duk numfashin da ya fita ina jiran na gaba, wani sai ya jima har na fara salati. Sai bayan magariba ya motsa, ya kira sunan uwarsa.

Alhaji ya matso kusa da ni, murya ƙasa-ƙasa. “Hajiya, tun a gida na ji warin. In an tambaye ki, zazzaɓi ne.”

Ya sani, amma ya tsaya yana neman allurar da za ta iya kashe ɗansa. Daga ranar na gane cewa a aikinmu, amsar da aka ba ka gaban dangi ba a ɗora magani a kanta.

Da safe kafin in shiga asibiti na wuce bakin shinge. Samarin suna nan, ga gwangwanaye zube. Wani ya ce, “Mama, wa'azi aka zo yi mana?” Na ce wa'azi na liman ne. Na tattare zanena na kwanta a ƙasa gabansu, a gefena, gwiwa lanƙwashe, haɓa sama. Suka yi ta dariya. Na ce duk wanda ya faɗi cikinsu haka za a kwantar da shi, ba nono ba ruwa, a kawo shi, a faɗa mini gaskiya da Sango. Sannan na nuna mai babbar bindigar na ce, “Kai, ajiye wannan ka zo ka juya ni, in gani ko ka iya.”