Jinin Su Alhaji a Firizar Gwaggo

Firizar Gwaggo nishi take yi kamar tsohuwa mai ciwon baya, in an buɗe ta kuma ƙamshin zoɓo da kanumfari ne ke fara fitowa. A cikinta na ɓoye aikina na shekarar ƙarshe a jami'a, zamanin da bama-bamai ke tashi a Kano.

Aikin kuwa jinin ɓeraye ne. Fararen ɓerayen ɗakin gwaji, masu tumbi, ba su da sana'a sai ci da gyaran gashin baki, shi ya sa muke ce musu su Alhaji. Mun sa musu kumburi a ƙafa, muka ba rabinsu jiƙon wani ganye, sannan muka tace ruwan jininsu a 'yan kwalabe. Saura auna alamar kumburin, ita kuwa ba ta jure zafi. In ruwan ya narke ya kwana, aikina ya tashi a banza.

Sai aka rufe makaranta, janaretan ɗakin gwaji ya yi shiru. Na zuba kwalaben a kula, na hau mota, muka bi layin shingen sojoji a Ƙofar Kabuga ina jin ƙanƙara tana zama ruwa a cinyata, har na iso Gwale.

Gwaggo ƙanwar babana ce, zoɓo take sayarwa, kuma ko sunan ɓera ta ji sai ta tofar da yawu.

"Ke 'yar boko, me za ki cusa min cikin abin sha?"

Bakina ya riga ni. "Jinin su Alhaji ne, Gwaggo. Ba su da lafiya."

"Wayyo! Me ya same su?"

"Kumburin ƙafa."

"Ai ciwon masu hali ne. Kawo nan."

Da aka sa dokar hana fita, wuta ma ta bi doka ta ƙi fitowa. Gwaggo ta kwashe zoɓonta waje ya yi tsami, ta tara duk ƙanƙarar da ta rage a kan kwalaben, ta lulluɓe firizar da buhu da bargon aurenta. Wanda ya matso da niyyar buɗewa sai ya sha muciya. Kullum da safe, kafin ta tambayi kwanana, sai ta ce, "Ya jikin su Alhaji?" Ni kuma in amsa da sauƙi, alhali tuni an binne su a bayan ɗakin gwaji.

Da aka buɗe makaranta, kwalaben sun koma a daskare. Na ɗiga ruwan a faranti mai ƙananan ramuka, kowane rami an shafe shi da ƙwayoyin garkuwar jiki waɗanda alamar kumburi kaɗai suke kamawa. Na wanke, na jira, na sake wankewa. Ramukan suka yi shuɗi kamar baba a marina, ɗigon ƙarshe ya mayar da su rawaya. Na waɗanda suka sha ganye bai yi rawaya sosai ba, wato kumburinsu ya sauka.

"Rabinsu sun samu sauƙi," na ce wa Gwaggo da na koma gidanta.

"Sauran fa?"

"Allah ya yi musu rasuwa."

Ta yi salati, ta shige ɗaki.

Sai bayan na yi aure, har na yaye 'yar fari, matar limamin unguwa ta faɗa min cewa a wancan makon Gwaggo ta soya waina ta aika masallaci, aka yi wa su Alhaji addu'a bayan sallar la'asar, jama'a suka shafa.