Lallen da Aka Ƙunsa wa Takwarata

Takwarata ba ta fara rarrafe ba lokacin da abin ya faru. 'Yar ƙanena ce, gida ɗaya muke a Fagge, ni ina ɗakin bakin soro inda nake ɗinki, shi da matarsa suna ciki. Da aka haife ta ya sa mata sunana. Ni ban taɓa haihuwa ba, aurena biyu duk a kan haka suka mutu, don haka ba sai na tsaya bayanin yadda na ɗauki yarinyar nan ba. Uwarta na ɗora tukunya za ta miƙo min ita, in kwantar da ita a katifa kusa da keken ɗinki, ƙarar keken ce ma ke sa ta barci.

Akwai kuma kakarta ta wajen uwa, da muke kira Hajiya. Mutanen Borno ne, amma iyayenta sun zauna a Fagge tun kafin a haife ni. Ta zo yi wa 'yarta wankan jego, kuma da yake mijinta ya rasu, sai ta zauna. Sana'arta ƙunshi. Duk amaryar da ta amsa sunanta a layinmu, ƙafarta ta bi ta hannun Hajiya. Ba ma shiri sosai ni da ita. Tana ganin na cika baki, ni kuma ina ganin ta cika iyayi, kuma in za a bi gaskiya duk mun gano juna.

Wata safiya yarinyar ta tashi da kuka, irin kukan da nono ba ya tsayar da shi. Aka duba kunne, aka shafa ciki, aka ce haƙori ne. Sai da aka zo wanka aka cire mata safa, muka ga ɗan yatsan tsakiya na ƙafar hagu ya yi ja ya ɗan tasa. Ana taɓa shi ta ƙara tsananta kuka. Yatsan jariri kuwa duka-duka bai fi ƙwayar wake ba, ga kumburi ya haɗe shi da na kusa, ba abin da ido zai gani sai jan.

Na ce a kai ta asibiti. Fuskar matar ƙanena ta canza. Na san abin da ke ranta. Yayanta namiji sikila ce ta kashe shi yana ƙarami, kuma ta sha ji a gidansu cewa da kumburin yatsu ciwon ya fara masa. Tsoronta kada ta je a faɗa mata kalmar nan. Ƙanena kuma ya riga ya fita shagonsa a kasuwar Singa, da aka kira shi ya ce a ba ta maganin zazzaɓi tukuna.

Hajiya ta karɓi ƙafar ta jujjuya. Ta ce, “Zafi ne ya sauko mata. Lalle zai janye shi. Mu da shi aka raine mu.”

Na ce, “Hajiya, zafi ne zai bar yatsu tara ya zaɓi guda?”

Ba ta ko ɗago kai ba ta ce, “Baiwar Allah, goyo ba ɗinki ba ne. Ki bar wa waɗanda suka yi.”

Maganar nan ta shige ni har ƙashi. Na koma ɗakina na ja labule, na taka keke kamar da shi muka yi faɗa. Ta taga ina jin ƙamshin lallen da take kwaɓawa. Ta lulluɓe ƙafar duka, ta naɗe da leda da tsumma kamar yadda take yi wa amare. Da aka kwance, ƙafar ta yi ja jawur, yatsan mai ciwo ya saje da 'yan uwansa. Washegari kukan bai tsaya ba, ta ce lallen bai kama ba ne, ta sake ƙunsawa. A karo na biyu ya nuna sosai har ya yi duhu-duhu, irin wanda mata ke yabawa. Maƙwabta da suka leƙo dubiya har cewa suke, kai, wannan amarya ta sha ƙunshi.

Daga nan kuka ya ragu. Gidan ya samu natsuwa, Hajiya tana wucewa ta ƙofata tana gyaran murya. Ni ma na so in yarda an warke, wallahi na so. Amma da aka kawo min yarinyar na riƙe ƙafar a tafin hannuna, sai na ji sauran yatsun da ɗumi, wannan guda ɗaya sanyi ƙalau. Na matsa shi a hankali, ba ta ko motsa ba.

Ina da wata mai kawo min ɗinki a Sabon Gari, Ibo ce, tsohuwar nas da ta yi ritaya. A nan aka haife ta, Hausarta ta fi ta wasu 'yan Fagge. Ni nake ɗinka mata kayan zuwa coci, kowa Sista yake ce mata. Ranar akwai rigarta da na gama. Na ce wa matar ƙanena zan kai ɗinki, bari in goya takwarata ta sha iska. Ta dube ni, na tabbata ta gane, amma ta miƙo min majanyi. Na hau adaidaita, muka maƙale a cunkoson Bata, ina jin numfashin yarinyar a bayana ina ta salati.

Sista tana zaune a barandarta tana gyaran ganyen miya. Ban ko fito da rigar ba na kwance goyo na miƙa mata ƙafar. Ta sa tabarau, ta kalla, ta ce, “Wayyo, wa ya yi mata lalle? Yanzu me zan gani?”

Na ce ai an yi ne don magani.

Ta ce, “Yatsan yaro da launinsa yake magana. Ina matsawa ya yi fari, in saki jini ya dawo, na san yana da rai. In ya yi shuɗi ko baƙi, na san jini ya daina zuwa. Kun rufe masa baki.”

Na faɗa mata tsoron uwar. Ta girgiza kai. Ta ce sikila ba ta zaɓar yatsa ɗaya, takan kumbura bayan ƙafa da yatsu gaba ɗaya, sau da yawa har da hannu, a ji su da zafi, kuma gwajin jini ne ke tabbatarwa. In ƙurji ne, a gefen farce yake taruwa ya yi ruwa. In sanyi ne, yatsu da dama ne ke yin ja suna ƙaiƙayi. Tana magana tana buɗa yatsun da ɗan tsinken auduga, har ta tsaya cak. Ta juya ƙafar wajen haske ta ce in duba. A gindin yatsan akwai wani siririn tsagi da ya zagaye shi, naman ya kumbura ya rufe kansa.

Ta ce, “Wani abu ne ya ɗaure shi. Zare ko gashi, yakan shiga cikin safa, yaro yana wasa da ƙafa yana ƙara naɗewa. Da ranar farko kuka zo, da a nan zan cire shi ku tafi gida. Yanzu ya nutse cikin nama, ba na taɓawa. Tashi mu tafi.”

Ta bar ganyenta a tire, ko ɗankwali ba ta canza ba. A hanya na kira ƙanena, na ce ya ɗauko matarsa su same mu a asibiti. Suka zo har da Hajiya, ta yafa mayafi a karkace, tana haki.

Likitan ya yi abin da zai iya. Ya tsaga gefen yatsan ya ciro abin da ya ɗaure shi, aka kwantar da mu a jira ko jini zai dawo. Bai dawo ba. Aka yi gwajin jini, ba ta da sikila, labarin da a wata rana da an yi sadaka a kansa, amma ranar ba wanda ya yi murmushi. Daga baya aka cire yatsan. Ba zan kwatanta yadda ƙafar jariri take cikin bandeji ba, har yau ba na son tunawa.

Amma ranar da aka ciro abin, likitan ya fito da shi a kan ɗan farin ƙyalle ya nuna mana a baranda. Ya ce, “Ga shi, jan zare ne. A riƙa zazzage safar yara ana juya cikinta.” Yana faɗin zare, matar ƙanena ta juyo ta kalle ni. Ƙanena ma ya kalle ni, sannan ya sunkuyar da kai. A gidan nan mutum ɗaya ce ke da zare, kuma a ɗakinta yarinyar ke wuni.

Na karɓi ƙyallen na matsa jikin taga. Na yi shekaru ina zura zare a allura, na san shi ko ido rufe. Zare murɗaɗɗe ne, bakinsa yana warwarewa. Wannan santsi gare shi, sili ɗaya, kuma can ƙarshensa, inda ya nutse cikin nama lalle bai kai ba, fari ne fat. Furfura ce lalle ya rina. Baƙin gashi ba ya kama lalle ya yi ja haka. A gidanmu kuwa kai ɗaya ne ke da furfura.

Na waiga. Hajiya na zaune a ƙasa ta jingina da bango, carbi a hannu ba ta ja. Tun da aka ce lallen ne ya ɓoye ciwon ba ta sa komai a bakinta ba, ga hawan jini. Maganar tana kan harshena, kuma ina da haushinta da zai ishe ni in faɗa da ƙarfi kowa ya ji. Sai na ga in na faɗa, yatsa ba zai dawo ba, 'yarta kuma za ta rayu tana kallon uwarta da abu biyu, ga lalle ga gashi. Ban yi don ina son ta ba, ba na son ta har gobe. Na dai kasa ne. Na dunƙule ƙyallen na jefa a kwandon shara, na ce, “Allah ya kiyaye gaba.”

Da aka sallame su, ba a ƙara kawo min takwarata ɗaki ba. Ba wanda ya yi min faɗa, da ma an yi da ya fi min sauƙi. Matar ƙanena tana gaishe ni, “Yaya, ina kwana,” ta wuce da yarinyar a kafaɗa. In na miƙa hannu sai ta ce yanzu za ta yi mata wanka. Ina jin kukanta daga ciki, ƙafata a kan keke, ba ni da ikon tashi.

Ana nan, wata ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, na ji sallama a ƙofata. Hajiya ce. Ba ta taɓa shigowa ɗakina ba sai ranar. Ta rame, ta zauna a bakin katifa. Zuciyata ta ce, ta gane, ta zo ta faɗa.

Ta ce, “Na ga kin shiga damuwa, ko abinci ba kya ci. Ni ma da nawa laifin, da ban sa lallen nan ba da an gani da wuri. Zaren kuma ba da gangan kika bari ba, tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Ni dai na yafe miki, kuma zan sa baki ita ma ta yafe miki.”

Na dube ta. Ɗankwalinta ya ɗan zame, ga furfurar nan fara tas a gefen kunnenta.

Na ce, “Na gode, Hajiya.”